Yana jin babur tun daga bakin layi, ni kuwa sai na maimaita sau uku

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Shekararmu 17 da aure da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya biyar. Sana'arsa niƙa, yana da injin gas a bakin kasuwar garinmu, kuma tun kafin a ɗaura mana aure yake wannan aiki, daga hantsi har bayan isha'i. Tsakani da Allah bai rage mu da ci da sutura ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma 'yan shekarun nan ya tsiro da wani hali da ke ci mini tuwo a ƙwarya. In na yi masa magana sai ya yi mini kunnen uwar shegu, sai na maimaita sau biyu sau uku sannan ya ce "iye?" In na ɗaga murya kuma ya ce ina yi masa tsawa a gaban yara, ba ni da ladabi. Abin da ya fi ƙona mini rai, yana jin babur ɗin ƙaninsa tun daga bakin layi, yana jin sallamar maza a ƙofar gida, in abokinsa ya zo suna hira a zaure ba na jin yana cewa "iye". Kwanan baya daga kicin na ce ya taho mana da gishiri, sai ga shi da kilishi, yana rantsuwa abin da na faɗa ke nan. Da dare yana cewa kunnensa na kukan gyare har ya hana shi barci. Hajiyarsa ta ce sammu ne, ta kawo wani mai ana ɗiga masa. Ƙawayena kuma sun ce in namiji ya fara kurman gangan, to aure zai ƙara. Babban ɗanmu mai shekara 14 ma ya fara bin sa shago bayan makaranta, shi ne ya zama ɗan aikenmu ni da ubansa a cikin gida ɗaya. Na fara tunanin in tafi gidanmu in kwana biyu ko zai san darajata. Anti, raini ne ko mene ne?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki sauke jakar yajin nan tukuna. Mai shirin ƙara aure ba ya kwana yana juyi saboda kukan gyare a kunnensa, kuma mai raina mace ba ya kashe kuɗin kilishi don ya ba ta haushi. Duk abubuwan da kika lissafa, har waɗanda kika kawo a matsayin hujjar cewa da gangan yake yi, su ne alamomin kunnen da ƙarar inji ta ci. Gwaji a asibiti ne zai tabbatar, amma da za ki miƙa wa likitan kunne wasiƙar nan, kafin ya kai tsakiyarta zai ɗago ya tambaye ki shekara nawa mijinki ya yi a gaban inji.

Bari in bi da ke hanyar da magana take bi daga bakinki zuwa gare shi, don a kan hanyar ne abin ya lalace. In kika ce "gishiri", iskar da ke gabanki kika girgiza. Girgizar tana gudun kusan mita 343 a sakan guda, ta shiga ramin kunne wanda zurfinsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, ta bugi dodon kunne. Dodon kunnen nan 'yar fata ce siririya mai faɗin kusan santimita ɗaya. A bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa uku a haɗe da juna, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa kamar milimita 3. Su ne suke karɓar girgizar, su ƙara mata ƙarfi kusan ninki 20, su tura ta cikin wani ɗan bututu mai cike da ruwa, naɗaɗɗe irin na katantanwa, wanda ke binne can cikin ƙashin kai.

A cikin katantanwar nan ake ainihin ji. An jera wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi a ka, kimanin 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, lanƙwasawar ta zama saƙo, jijiya ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Kuma ba a cakuɗe suke aiki ba, kowane wuri da irin sautin da yake amsawa. Na bakin katantanwa su ke kama siririn sauti, na can ƙuryarta su ke kama mai kauri. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya gano wannan tsari, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Kunnen yaro lafiyayye yana kama sauti tun daga mai kaɗawa sau 20 a sakan, irin rugugin da ake ji har a ƙirji, zuwa mai kaɗawa sau 20,000, wanda yawancinmu manya mun daɗe da daina ji ba tare da mun sani ba.

To ƙarar inji ba ta cin kunne gaba ɗaya lokaci guda. Tana farawa ne da masu kama siririn sauti, musamman wajen kaɗawa 4,000 a sakan, daga nan ɓarnar ta riƙa faɗaɗa a hankali shekara bayan shekara. Ita kuwa magana kashi biyu ce. Wasulla, wato a, i, u, e, o, suna da kauri da ƙarfi, su ne suke sa a san ana magana. Baƙaƙe irin s, sh, f, ts, c, t da k kuwa sirara ne kuma ba su da ƙarfi, amma su ne suke bambance kalma da 'yar uwarta. Ki ɗauka almajiri ya rubuta allonsa, ruwa ya fantsala ya wanke babbaƙun ya bar wasulla a tsaye. Duk wanda ya kalla zai san an yi rubutu, zai ma iya ƙirga kalmomin, amma karantawa sai dai cinke. Haka maganarki take isa wurinsa. Gishiri da kilishi wasullansu iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, shi kuwa da ya ji su sai ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin da abin da ya fi kusa, kuma ta miƙa masa a matsayin abin da ya ji. Shi ya sa ya rantse, kuma a saninsa gaskiya ya rantse a kai. Ki tambayi ɗanku, zan yi mamaki in ba a taɓa samun saɓani a shago kan arba'in da saba'in ko talatin da tamanin ba.

Yanzu ki dubi hujjojinki ɗaya bayan ɗaya. Ƙugin babur sauti ne mai kauri, yana ratsa katanga, kuma ɓangaren kunnensa da ke kama shi lafiyarsa lau. Sallama a ƙofar gida ko da rabinta ya ji ya san sallama ce, me kuma namiji zai tsaya yana faɗa a ƙofar gidan mutane? Muryar mata da ta yara kuwa ita ce masu irin wannan lalura suka fi kokawa da ita a ko'ina, don ta fi siranta kuma sau da yawa ta fi taushi. Hirar zaure ma akwai dalilinta. Suna zaune gab da juna, fuska da fuska, ba fanka, ba rediyo, ba yara biyar, kuma hirar ta kasuwa ce da ya san inda za ta dosa. Ke kuwa daga kicin kike magana, kin ba shi baya, mai yana soyuwa, ƙaramin yana kuka.

Maganar fuska da fuska ba ƙaramar magana ba ce, domin ido ma yana cikin ji. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun ɗora muryar da ke cewa "ba" a kan hoton bakin da ke cewa "ga", sai yawancin masu kallo suka ce "da" suka ji. In suka rufe ido kuma sai su ji "ba" ɗin rangaɗau. Kowa yana karanta leɓe ba tare da ya sani ba, mijinki kuwa da ya fi shekara 17 yana ciniki cikin ƙarar inji ya zama gwani a wannan. In kika ɓoye masa bakinki, kin ɗauke masa rabin abin da yake dogaro da shi.

Haka nan batun hayaniya. Mai lafiyar kunne yana iya tsamo murya ɗaya a tsakiyar gidan biki ya bi ta, ya watsar da saura. Colin Cherry ya yi bincike a kan wannan tun 1953, kuma an gane cewa ƙwaƙwalwa tana yin hakan ne da taimakon kunnuwa biyu, tana auna wanne sauti ya fara isa da ɗan bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, tana kuma bin ƙananan alamomin da ke bambance murya da murya. Da yawa daga cikin alamomin nan suna cikin siririn sautin da ya rasa. Don haka ki lura da shi a wurin suna ko ɗaurin aure. In kika ga yana murmushi yana gyaɗa kai ba ya cewa komai, ko ya fara zamewa daga majalisar da ya saba zama, ko ya dawo daga Juma'a kika tambaye shi huɗuba ya kasa kawo komai saboda amon lasifika, to duk abu ɗaya ne. Kuma irin wannan sauraro aiki ne mai gajiyarwa. Mutumin da ya yini yana cinken abin da ake faɗa masa, in ya shigo gida da dare ba shi da sauran ƙarfin cinke, sai ya yi shiru. Ke kuma ki fassara shirun da wulaƙanci.

Saura wadda ta fi yi miki ciwo, wato ya ce kina yi masa tsawa. Nan ma ba sharri yake miki ba. Kunnen da ya samu irin wannan rauni ba ya jin ƙaramin sauti, amma da zarar sauti ya haura iyakar da yake fara ji, sai ƙarfinsa ya hauhawa da sauri fiye da yadda yake wa mai lafiya. Tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "kin cika mini kunne" ta matse ƙwarai. Ga shi kuma ihu wasulla yake ƙara wa ƙarfi, baƙaƙen da yake nema suna nan yadda suke. Sai ki ga kin ɗaga murya, fuskarki ta canza, yara sun zuba ido, shi kuma ya ji ƙara ya ga fushi amma har yanzu bai gane me kika ce ba. Wane magidanci ne zai so wannan a gaban 'ya'yansa?

Kukan gyaren dare abokin tafiyar wannan lalura ne. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, in saƙo ya ragu daga kunne sai ƙwaƙwalwa ta ƙara buɗe kanta tana nema, har ta fara jin motsin jijiyoyinta kamar sauti. Da rana hayaniya tana rufe shi, dare in ya yi tsit sai ya fito fili. Ba alamar taɓin hankali ba ne, ba kuma wani abu ne ya shiga kunnen ba. Ku bar fanka tana juyawa ko rediyo ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya, yana rage shi ga mutane da yawa. Rashin barci da damuwa kuwa ƙara shi suke, rigimar gida ma haka.

Yanzu sai magana mai ɗaci, kuma gara ki ji ta daga gare ni. Ƙwayoyin gashin nan in suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. A 1988 an tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu, kaza ma da ke yawo a tsakar gidanki tana iyawa, mu kuwa Allah bai ba mu wannan ba. Babu allura ko ƙwaya ko man ɗigawa da ke dawo da su, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Abin da ke hannunku shi ne ragowar, kuma ragowar tana da yawa, tun da har yanzu yana hira yana ciniki. Ita ce ake ci kullum da aka tayar da inji.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Shagon niƙa da inji ke ci a cikinsa yakan haura 90, wani ma ya doshi 100, balle in ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano da ƙarar ke bugawa tana dawowa. Ba sai kun sayi na'ura ba, in mutum yana tsaye nesa da kai da tsawon hannu ɗaya amma sai ka ɗaga murya zai ji ka, to wurin ya kai inda yake cutarwa. Ki lissafa da kanki, rabon da kunnensa zai iya ɗauka na yini guda yakan cinye shi tun kafin azahar, sannan ya ci gaba har isha'i. A farkon shekaru in ya tashi aiki kunnen yakan toshe, kafin safiya ya buɗe, sai mutum ya ce ai ya saba. Sabon nan shi ne ɓarnar. Kuma kada wani ya ce miki shekaru ne kawai. A 1962 wani likita Ba'amurke, Samuel Rosen, ya auna jin mutanen Mabaan a Sudan, waɗanda a lokacin suke zaune nesa da injuna, ya tarar tsofaffinsu sun fi takwarorinsu na biranen Amurka jin siririn sauti nesa ba kusa ba.

Ta yaya za ki tunkare shi? Ba da kalmar "kurma" ba, kuma ba a gaban yara ba, ba kuma a ranar da kuka yi cacar baki ba. Namiji da yawa ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa ba ya ji, ina ma kyautata zaton rabin faɗan da yake yi miki tsoro ne ya sa masa rigar fushi. Ki shiga ta ƙofar da shi da kansa ya buɗe, wato kukan kunnen da ke hana shi barci. Ki zauna gabansa, ki ce Baban yara, abin nan na kunnenka yana damuna, mu je a duba. In kin san maganarki ba za ta yi nauyi ba, ki bi ta wajen yayansa ko abokin nan na zaure. In kunya ce ke damunsa a gaya masa ba shi kaɗai ba ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi suna da raunin ji, miliyan 430 daga ciki suna buƙatar kulawa.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita kan sammu. Ba za ki ci nasara ba, kuma ba ki buƙatar ci. Addu'a da tofi su ci gaba, babu wanda ya ƙoshi da su. Alfarma ɗaya za a nema a wurinta, kuma ɗanta ne ya dace ya nema, a dakatar da ɗiga komai a kunnen har likita ya leƙa. Man ba zai taɓa kaiwa inda ciwon yake ba, don katantanwar tana bayan dodon kunne cikin ƙashi, in kuma aka yi rashin sa'a akwai huji a dodon kunnen, man zai wuce ciki ya haifar da wani ciwon. Gashin kaza da tsinken ashana da mabuɗin babur da maza ke sosa kunne da su ma a ajiye, tura dauɗa ciki suke yi.

Ku nemi asibitin da ke da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna wadda aka kafa a 1999, akwai kuma irin wannan sashe a asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri. Za a fara leƙa ramin kunnen da 'yar fitila. Wani lokaci a tarar dauɗa ta cushe, an haɗa ta da garin niƙa na shekaru, a cire ta mutum ya ji sauƙi nan take, ko da akwai sauran rina a kaba. Daga nan a shigar da shi wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, a sa masa abin sauraro, a riƙa sako masa sautuka ɗaya bayan ɗaya, masu kauri da sirara, in ya ji ya danna maɓalli ko ya ɗaga hannu. Ba zafi, ba allura, bai fi rabin awa ba. Za a ba ku takarda mai layi biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. In inji ne, sau da yawa za ki ga layin ya taho a miƙe, ya faɗa rami wajen lamba 4,000, sannan ya ɗan ɗago. Ki roƙi ma'aikacin ya nuna masa ramin nan da yatsa. Abin da kika yi shekaru kina faɗa bai shiga ba, takardar nan takan shigar da shi cikin minti ɗaya.

Ku gaya wa likita duk magungunan da ya sha ko aka yi masa allurarsu a 'yan shekarun nan. Gentamicin da streptomycin da kanamycin suna iya taɓa kunne, kwinin ma yana sa kunne kuka, kuma mun san yadda ake ɗirka wa mutane allura a kemis ba tare da takardar likita ba. Hawan jini da ciwon suga ma a faɗa in akwai. Abu ɗaya kuma ba ya jiran shiri, in aka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko ji ya ragu tare da jiri mai tsanani, ko kunne yana zubar da ruwa, to a ranar ake tafiya asibiti, don akwai irin da ake cetowa in an zo cikin kwanakin farko.

Ba zan ce ya bar sana'arsa ba, da ita kuke ci. Amma daga gobe kada ya sake tayar da inji da kunne a buɗe. Auduga ba ta tare wani abin kirki, kwantar da hankali kawai take yi. A shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman ma'aikatan gini ana samun abin toshe kunne na soso, da kuma irin mai kama da kofi biyu da ake ɗorawa a kai. Na soson in an sa shi daidai yana rage desibel 15 zuwa 30. Sawar ita ce, a murza shi da yatsu har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya, a tura shi ciki, a riƙe na kamar rabin minti har ya kumbura ya cike ramin. Wanda ya maƙale a bakin kunne rabinsa a waje ado ne. Ga mai niƙa da hannunsa kullum cikin gari da baƙin mai, na ɗorawa a kai ya fi sauƙi da tsabta. Zai ce ba zai ji masu kawo niƙa ba, kuma yana da ɗan gaskiya. Sai a rubuta farashi a bango, a yi ciniki a waje kafin a shiga, lissafi kuma a nuna da yatsu kamar yadda dama suke yi. In da hali a fitar da injin gas ɗin bayan shago a sa katanga tsakaninsa da wurin tsayuwa, a gyara salansa, a ɗaure duk ƙarfen da ke karkarwa, in babu niƙa kuma a kashe, kada a bar shi yana ci a banza.

Ɗanku shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙar nan. Ubansa ya shiga aikin nan ba wanda ya gaya masa, shi kuwa yanzu kun sani. Koyon sana'a abu ne mai kyau, amma ko dai ya toshe kunne duk lokacin da inji ke aiki, ko ya tsaya a waje wajen awo da karɓar kuɗi. A kan wannan ki kafe, ko da za a ce kin cika baki. Kuma ku daina mai da shi tafinta tsakaninku, yaro bai kamata ya riƙa ɗaukar saƙon fushi daga uwa zuwa uba ba.

A gida kuma gyaran mai arha ne. Kada ki fara magana sai kin tabbatar ya san da shi kike, ki taɓa kafaɗarsa ko ki tsaya inda zai gan ki, haske yana kan fuskarki. A rage rediyo. Ki yi magana a natse da muryarki ta kullum, ki ɗan ja ta kaɗan. In bai gane ba kada ki maimaita kalmar nan dai da ƙarfi, ki sauya ta, ki ce gishirin miya ya ƙare. Kuɗi da lokaci da cefane a rubuta a takarda ko ki tura masa a waya. Akwai kalmar da nake roƙon ki cire daga bakinki, ki kuma hana yara, wato "bar shi kawai, ba komai". A wurinki gajiya ce, a wurinsa kuwa an ce masa bai kai a maimaita dominsa ba, kuma da irin wannan ne mutum ke janyewa daga iyalinsa yana zaune a cikinsu.

Ba na cewa maigidanki waliyyi ne. Yana yiwuwa wata rana ya ji sarai ya share, kamar yadda kowane miji da kowace mata ke yi. Kuma haƙurin ba naki ke kaɗai ba ne. In gwaji ya nuna abin da nake zato, shi ma sai ya sauke girman kai, ya koyi cewa "ban gane ba, sake faɗa" maimakon ya cinka ya yi rantsuwa, ya kuma janye maganar rashin ladabi da ya jefe ki da ita. In an nuna masa takarda ƙuru-ƙuru ya ƙi toshe kunne, ya ƙi komawa asibiti, ya ci gaba da ɗora miki laifi, to wannan wata matsala ce daban, ki sake rubuto mini, a lokacin sai a sa manya.

In likita ya ce a sa na'urar ƙara ji, kada ku saya a kasuwa ko a intanet don arha. Waɗancan suna ƙara komai ne baki ɗaya, har rugugin da dama yake ji, sai ya jefar da ita cikin mako guda ya ce ba ta aiki. Ta gaskiya ana saita ta ne da takardar gwajinsa, ta ɗaga siraran sautukan da ya rasa ta bar saura. Makonnin farko ƙarar cokali a kwano da takun silifa za su dame shi, don ƙwaƙwalwa ta manta da su, sai ya daure ya saba. Kuma ba a shiga da ita shagon niƙa, ƙura tana kashe ta, ba ta kuma maye gurbin abin toshe kunne.

Ranar gwaji ku zaɓi safiyar da ya yi aƙalla awa 14 bai tsaya gaban inji ba, in ba haka ba toshewar jiya za ta shiga cikin sakamakon. Ku tafi da ɗanku a auna shi shi ma. Takardun ki adana su inda kike ajiye katin asibitin yara, don da su za a gwada na baɗi a ga ko toshe kunnen ya tsayar da ɓarnar.

Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Taki, Anti